Cutar Bakkale: Yadda Take Fitowa Daga Garke Ta Kama Mutum, da Hanyoyin Kauce Mata

1.0 Gabatarwa

Kiwo yana daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa, kuma da wuya a shiga gida a ƙauye, ko ma a cikin birni, a rasa akuya ko tunkiya a turke. Dabba ita ce asusun talaka. Ita yake ɗagawa ranar biki ko suna ko rashin lafiya, kuma daga gare ta ake samun nono da nama da fata da taki. Sai dai wannan zaman tare bai rasa nasa lahani ba, domin akwai cututtukan da ke zaune a jikin dabbobin gida waɗanda ke iya tsallakowa su kama mutum. Da yawa daga cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira bakteriya ke haddasa su, watau ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita.

Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, watau bakkale, ta bi diddiginta tun daga garke har zuwa ƙwaryar nono. Dalilin zaɓen ta shi ne, makiyaya sun san ta sarai a jikin saniya, har sun laƙaba mata suna, amma idan ta shiga jikin mutum sai ta ɓace a cikin tarin cututtukan da ake kira zazzaɓi, a yi ta magani ba a san abin da ake yi wa ba. Daga baya kuma za a taɓo wasu cututtuka biyu da ke bin irin hanyoyin da take bi, sa'an nan a kawo matakan rigakafi.

2.0 Suna da Asalin Cutar

Bakkale suna ne da ya yaɗu a bakin Fulani makiyaya da Hausawan da ke hulɗa da shanu. Da shi suke nufin ciwon da ke kumbura gwiwoyin saniya da ruwa, wanda kuma sau da yawa yake tafiya tare da ɓari. A fannin likitanci ana kiran cutar buruselosis, ƙwayar da ke kawo ta kuwa Burusela. Wannan ƙwaya iri-iri ce, kowane iri da dabbar da ya fi so. Akwai na shanu, akwai na awaki da tumaki wanda shi ne ya fi tsanani idan ya kama mutum, akwai na aladu, akwai kuma na karnuka. Raƙuma kan ɗauki na shanu ko na awaki idan kiwo ya haɗa su. Irin da aka fi samu a garkunan Nijeriya shi ne na shanu, kuma tun a shekarar 1927 aka fara ba da rahoton cutar a ƙasar.

Abin lura a nan shi ne, sunan gargajiya ya tsaya ne a kan dabba. Ba a saba jin an ce wane yana fama da bakkale ba. To, abin da ba a kira shi da suna ba, da wuya a zarge shi, balle a nemi hanyar tsare kai daga gare shi.

3.0 Yadda Aka Gano Ta

Tarihin gano wannan cuta ya faro ne daga tsibirin Malta, a tsakiyar Bahar Rum, inda Ingila take da babban sansanin soja a ƙarni na 19. Wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa ya daɗe yana kwantar da sojoji watanni, har aka sa masa suna zazzaɓin Malta. A shekarar 1887 wani likitan soja mai suna Debid Burus ya fitar da ƙwayar cutar daga saifar sojojin da suka mutu, kuma daga sunansa ne aka ƙago kalmar Burusela a 1920. Amma sanin ƙwayar bai warware matsalar ba, domin ba wanda ya san ta inda take shiga mutane. An zargi sauro, an zargi ƙura, an zargi ƙazantar tashar jiragen ruwa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. A shekarar 1905 wani likita ɗan Malta mai suna Temistokilis Zamit ya gano cewa awakin tsibirin, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, su ne ke ɗauke da ƙwayar, kuma tana fita a cikin madararsu. A wancan zamani al'adar mutanen Malta ita ce a koro awaki gida-gida, a tatsa a ƙofar mai saye, ya sha da ɗuminta. A 1906 aka hana ba sojoji ɗanyar madarar akuya, nan da nan masu kamuwa suka ragu daga ɗaruruwa a shekara zuwa 'yan ƙalilan. Su kuwa 'yan ƙasa suka ƙi barin al'adarsu, saboda a ganinsu madarar da aka tatsa a gabanka ita ce babu algus. Sai a 1938 aka fara dafa madarar sayarwa a tsibirin, kuma ba a rabu da cutar kwata-kwata ba sai a 2005, shekara ɗari ke nan bayan aikin Zamit.

A wani ɓangaren kuma, a ƙasar Danmak, wani likitan dabbobi mai suna Banhad Bang ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari a 1897. An yi shekaru ana ɗaukar cututtukan biyu a matsayin abubuwa daban, ɗaya ta likitan mutane, ɗaya ta likitan dabbobi. Wata Ba'amurkiya masaniyar ƙwayoyin cuta, Alis Ebans, ita ce ta nuna a 1918 cewa ƙwayoyin biyu 'yan uwan juna ne na jini, ta kuma yi gargaɗi cewa ɗanyar madarar shanu ma tana iya cutar da mutum. Masu sana'ar madara sun yi mata caa, amma daga baya gaskiyarta ta fito.

4.0 Bakkale a Jikin Dabba

Saniya takan kamu ne galibi ta baki, idan ta lashi ɗan da wata ta ɓarar ko mabiyiyarsa, ko ta ci ciyawa ko ta sha ruwan da ruwan haihuwa ya gurɓata. Ƙwayar takan lafe a jiki har saniyar ta ɗauki ciki, sa'an nan ta tattaru a mahaifa, domin akwai wani irin sukari a wurin wanda take so ƙwarai. A nan take hayayyafa har ta lalata mabiyiya. Cikin saniya wajen wata tara ne, ɓarin bakkale kuwa ya fi aukuwa a kashi na uku na ƙarshen cikin. Wani lokaci a haifi maraƙi rarrauna wanda ba ya daɗewa, ko mabiyiya ta ƙi fita, ko nono ya ragu, ko saniyar ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Bijimi kuwa marainansa ne ke kumbura.

Inda cutar take yaudarar makiyayi shi ne, yawancin shanun da suka kamu sau ɗaya suke ɓari. Bayan haka sai su ci gaba da haihuwa kamar ba abin da ya faru, mai garke ya ɗauka ta warke. Alhali kuwa ƙwayar ta koma hantsa ta zauna, tana fita a cikin madara, tana kuma zubowa da yawan gaske a kowace haihuwa, sau da yawa har iyakar ran dabbar. Rana mai zafi takan kashe ƙwayar da wuri, amma a inuwa mai danshi tana iya yin watanni da ranta.

Haka kuma, idan saniya ta cika ɓari, abin da mai ita yakan yi shi ne ya kai ta kara ya sayar. Mai saye ya ga ta yi ƙiba ga araha, ya kai ta cikin nasa garken. Ta haka, da kuma ta cuɗanyar garkuna a mashaya da burtali, cutar ke tafiya daga ruga zuwa ruga.

5.0 Hanyoyin da Take Kama Mutum

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi shafar jama'a, ita ce ɗanyar madara da duk abin da aka sarrafa daga gare ta ba tare da an dafa ba. Wannan ya haɗa da madarar shanu da ta awaki da ta raƙuma, da nono, da man shanu, da ɗanyen cuku. Mutane da yawa sun yi imani cewa tsami yana tsarkake nono. Gaskiya ne tsami yana rage ƙwayar, amma ba ya kashe ta duka, tana iya yin kwanaki a cikin nono mai tsami. Wasu masu tallan nono sukan dafa madara kafin su kwantar da ita, wasu kuwa ba sa dafawa, kuma mai saye ba ya iya bambancewa da ido ko da harshe. Ta wannan hanya ce mutumin da bai taɓa riƙe sandar kiwo ba yake kamuwa yana zaune a tsakiyar birni.

Hanya ta biyu ita ce taɓa kayan haihuwa. Wanda ya sa hannu ya jawo maraƙi, ko ya ciro mabiyiyar da ta maƙale, ko ya ɗauki ɗan da aka ɓarar da hannu tsirara, ƙwayar tana iya shiga ta ɗan yanka ko faso, ko ta ido idan ruwa ya fantsama. Haka ma mai fasa kumburin gwiwar saniya don ya zubar da ruwan, domin ruwan nan cike yake da ƙwayar.

Hanya ta uku ita ce ta kwata. Mahauta da masu fiɗa da masu wankin kayan ciki suna cikin jini da ruwan jikin dabba tun asuba, ga wuƙa ba ta rasa yi musu ɗan rauni, kuma ba kasafai ake rasa shanu masu ciki a cikin waɗanda ake yankawa ba. Naman da ya dahu sosai ba shi da wani haɗari, amma ɗanyar hanta ko wadda ba ta gasu ba abar gudu ce. Daga mutum zuwa mutum kuwa, da wuya ƙwarai cutar ta yaɗu.

6.0 Bakkale a Jikin Mutum

Alamu sukan fara bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wani lokaci har wata biyu. Zazzaɓi ne mai hawa da sauka, ya fi tashi da yamma, ga gumi mai yawa da dare, da ciwon kai, da kasala, da rashin son abinci, da rama. Ciwon gaɓoɓi da na kwankwaso yana daga cikin manyan alamunta. Maras lafiya yakan ji sauƙi na 'yan kwanaki, ya koma gona ko kasuwa, sai ciwon ya sake dawowa.

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san abin da za a ce da irin wannan: zazzaɓin cizon sauro, in ya ƙi tafiya a ce taifot, in ya ƙi a ce shawara ko sanyin ƙashi, daga nan kuma a fara zargin sammu. Kuɗi su yi ta tafiya, lokacin noma ya wuce, a sayar da dabbar da ake taƙama da ita don neman magani. Cutar ba ta cika kisa ba, waɗanda take kashewa ba su wuce biyu cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa magani ba, kuma mafi yawansu ta taɓa musu zuciya ne. Amma tana iya zama a ƙashin baya ko a gaɓoɓi ta nakasa mutum, tana kumbura marainan maza, kuma tana iya jawo wa mai juna biyu ɓari.

Akwai gwajin jini mai sauƙi da araha, wanda ake kira Ros Bengal, da ke ba da haske cikin 'yan mintoci, sa'an nan a tabbatar da wani gwajin. Maganinta kuwa ba na kwana uku ba ne. Ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin jinin da ya kamata su kashe ta, saboda haka sai an haɗa magunguna biyu, galibi dokisisayikilin da rifamfisin, har tsawon mako shida. Yara ƙanana da masu ciki nasu haɗin daban ne, kuma likita ne kaɗai ya dace ya tsara shi. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, ya sani ciwon yana nan tafe.

7.0 Wasu Cututtuka Biyu Masu Bin Wannan Hanya

Tarin fuka na shanu ɗan uwan na mutane ne, kuma babbar hanyarsa ita ma ɗanyar madara ce, sai kuma shaƙar numfashin dabba mai tari. Wanda ya shiga ta ciki yakan fito a matsayin kumburin wuya ko ciwon hanji, musamman ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 147,000 suka kamu da wannan iri, 12,500 suka mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Ɗaya daga cikin magunguna huɗu da aka saba fara ba masu tarin fuka, watau firazinamid, ba ya yi masa komai.

Ciwon saifa kuwa, wanda likitoci ke kira antarakis, ya samo sunansa na Hausa daga yadda saifar dabba ke kumbura ta yi baƙi. Dabba takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, ta kumbura da sauri. Idan aka feɗe ta, ƙwayar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a cikin ƙasa shekaru masu yawa tana jiran wata dabbar. Mai fiɗa ko majemi yakan ga wani gyambo mai baƙin tsakiya a hannu ko a wuya, wanda ya ci naman kuwa yana iya rasa ransa. A watan Yuli na 2023 hukumomin Nijeriya sun tabbatar da ɓullar wannan ciwo a wata gona da ke yankin Suleja a Jihar Neja, 'yan makonni bayan ya ɓulla a arewacin Gana.

8.0 Rigakafi

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, kuma abin farin ciki game da waɗannan cututtuka shi ne mafi yawan matakan kauce musu ba su fi ƙarfin talaka ba.

Na farko, a dafa madara. A masana'antu ana ɗumama ta zuwa digiri 63 na ma'aunin Salshiyas har minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, dabarar da ta samo asali daga aikin masanin nan na Faransa, Luwi Fasto. A gida ba a bukatar ma'auni: a bar ta ta tafasa, a sauke, a rufe ta huce, sa'an nan a zuba ɗan tsohon nono na dafaffiyar madara a kwantar. Wannan kaɗai ya toshe babbar hanyar bakkale da ta tarin fuka.

Na biyu, kada a taɓa kayan haihuwa da hannu tsirara. Inda babu safar hannu, leda mai kauri ta fi babu, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Ɗan da aka ɓarar da mabiyiyarsa a binne su da zurfi, kada a jefa wa karnuka, domin su ne ke yawo da su cikin gari. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta daga sauran har zubar ta tsaya, a kuma sanar da malamin dabbobi.

Na uku, dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya kada a feɗe ta. A ƙone ta a inda ta faɗi, ko a binne ta a rami mai zurfin mita biyu, nesa da rijiya da mashaya. A nan ne matsala take, domin idan saniya ta fara shure-shure, abin da mai ita ke yi shi ne ya zaro wuƙa kafin ta zama mushe, ya sayar da naman da araha don rage asara. Ba abin mamaki ba ne, dukiyarsa ce ke tafiya yana kallo. Amma wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi a kan ta rai.

Na huɗu, allurar rigakafin dabbobi. Akwai ta bakkale wadda ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni, akwai kuma ta ciwon saifa wadda ake maimaitawa kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta a wurin ya faro daga 1924, tana cikin masu sarrafa su. Allurar bakkale tana ɗauke da rayayyar ƙwaya da aka raunana, don haka ma'aikaci ne ya kamata ya yi ta. Mutum kuwa ba shi da tasa allurar ta bakkale, saboda haka kariyarsa tana cikin lafiyar garke.

Na biyar yana wuyan hukuma da ma'aikatan lafiya. Duba nama a kwata ya zama na gaske. Makiyayin da aka nemi ya rabu da dabba mai cuta a biya shi diyya, in ba haka ba zai ɓoye ta ko ya kai ta wata kasuwa. Shi kuma likita, idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, ya tambayi maras lafiya sana'arsa da irin nonon da yake sha.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa bakkale da 'yan uwanta suna shiga mutum ne ta hanyoyi sanannu: ɗanyar madara, da kayan haihuwa, da jini da naman dabba maras lafiya. Labarin Malta ya nuna cewa gano hanyar cuta abu ne daban, shawo kan jama'a su sake al'ada kuma wani abu ne daban, kuma na biyun ya fi ɗaukar lokaci. A nan ne masu nazarin harshe suke da rawar takawa. Makiyayi da mahauci da mai tallan nono ba za su karanta littattafan likitoci ba, amma za su saurari bayanin da aka yi musu a rediyo ko a kasuwa da sunayen da suka sani. Ranar da mai zazzaɓi zai iya gaya wa likita cewa shanunsa sun yi ɓari kafin ya kwanta, ya kuma san dalilin da ya sa hakan ke da muhimmanci, to an ci rabin yaƙin.